Yadda Zaka Sha Man Kifi Na Omega-3 Ya Kai Inda Kumburin Yake

Wata Hajiya ce ta shigo kemis ɗin da nake aiki kwanakin baya riƙe da kwalbar man kifi, ranta a ɓace, wai ta yi wata biyu tana sha kullum saboda ciwon gaɓɓai amma ko alamar sauƙi bata gani ba, banda gyatsar ƙarnin kifi da take yini tana yi. Nace Hajiya yaya kike sha? Tace ƙwaya ɗaya da asuba bayan sallah, da ruwa, kafin ta karya. Na juya kwalbar na duba baya, sai naga irin na gama-gari ne. To a gaskiya ba man kifin bane ya gaza, abun da ya shiga jininta a wata biyun nan bai taka kara ya karya ba. Kuma ba ita kaɗai bace, mafi yawan masu saye haka suke yi, shi yasa nace bari in rubuta yadda abun yake tun daga tushe.

Abun da ya kamata ka fara riƙewa shi ne omega-3 mai ne, kuma mai baya haɗuwa da ruwa, jikinka kuwa kusan duk ruwa ne. Saboda haka duk wahalar da masu haɗa magani suke sha a kan wannan abu, ta yadda za'a tsallakar da shi daga hanji zuwa jini ce ba tare da ya lalace a hanya ba. Idan ka haɗiye kafso ya fashe a ciki, sai ya gangara ƙaramin hanji, a nan ruwan madaciya zai zo ya farfasa man ya koma ƙananan ɗigo, kamar yadda sabulu ke yi wa maiƙo a kwano, sannan wani sinadari daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi mai sakin ruwan narkar da abinci, ya yayyanka shi, sannan bangon hanji ya tsotse. Ita kuwa madaciya bata sakin ruwanta sosai sai ta ji an ci abinci mai maiƙo. Kaga kenan wanda ya sha da ruwa kawai cikinsa babu komai, ya aika baƙo gida ne alhali babu mai buɗe ƙofa.

Me yake yi wa kumburi ma tukuna

Omega-3 iri uku ne da ake maganarsu: ALA, EPA da DHA. Na farkon a tsirrai yake, irin su 'ya'yan filaks da ciya da man waken suya, biyun kuma a kifin teku mai kitse da gansakukar teku. Masu aikin kumburi su ne EPA da DHA. Jiki yana iya juya ALA ya koma EPA amma ɗan kaɗan ne, ƙasa da kashi 15 cikin 100, DHA kuwa bai ma kai haka ba, don haka wanda yace maka ka ci awara kullum ta isheka maganin kumburi ya faɗi abun da ba haka yake ba, duk da awara abinci ce mai kyau.

Bangon kowace ƙwayar halitta a jikinka da mai aka gina shi, kuma irin man da kake ci shi ake ginin da shi. Idan omega-6, wani nau'in mai na daban, ne ya cika wajen, musamman wani da ake kira arakidonik, to da shi jiki zai riƙa haɗa sinadaran da ke hura zafi da kumburi da raɗaɗi, waɗanda su ne dai ibuprofen da diclofenac suke tarewa. Idan EPA da DHA suka yawaita sai su ƙwace wani ɓangare na gurbin, sinadaran da za'a haɗa da su basu kai waɗancan zafi ba, sannan akwai wasu da ake kira rizolbin waɗanda Charles Serhan na jami'ar Harvard ya gano wajejen shekarar 2000, aikinsu su ce wa kumburi ya isa haka, a kwashe shara a tashi. Wannan sauyin ginin ba a kwana ɗaya yake faruwa ba. Shi yasa man kifi ba fanadol bane da zaka sha yanzu bayan minti talatin kaji sauƙi, sai ka yi wata biyu zuwa uku kana sha babu fashi.

Asalin labarin omega-3 ɗin ma daga Girinlan ya fito, inda wasu likitocin Denmak biyu, Bang da Dyerberg, suka je a farkon shekarun 1970 suna auna jinin mutanen Inuwit masu rayuwa a kan kifi da kitsen dabbobin teku.

Fara da juya kwalbar

Kar ka kula da babban rubutun gaba da ke cewa 1000mg, wannan nauyin man ne gaba ɗaya. Juya baya ka nemi layin EPA da layin DHA ka haɗa su. Kafson gama-gari zaka ga EPA 180, DHA 120, jimla miligiram 300 kenan a cikin 1000, sauran wasu kitse ne daban. Sannan ka duba ko lissafin na ƙwaya ɗaya ne ko na biyu, saboda wasu kamfanoni sai su rubuta adadin ƙwaya biyu ko uku da ƙananan baƙi kai kuma kana ta murna ka samu mai ƙarfi.

Ga inda lissafin yake cizo. A ciwon gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓa, wato rumatoyid, wanda mutum ke tashi da safe yatsu sun sandare sun kumbura hagu da dama, adadin da bincike ya nuna yana rage sandarewar safe da yawan shan maganin raɗaɗi wajen giram 2.7 ne na EPA da DHA a haɗe kowace rana. Raba 2700 da 300, ƙwaya tara kenan a rana. Hajiyarmu ɗaya take sha. Akwai wani gwaji da akayi a birnin Adiled na Ostireliya aka fitar a 2015, an ba sabbin masu rumatoyid giram 5.5 a rana tare da magungunansu na asibiti, aka ga waɗanda suka sha da yawan sun fi samun lafawar ciwon kan waɗanda aka ba ɗan kaɗan. Ka lura da kalmar tare, ba a ce su ajiye methotrexate, wato maganin rumatoyid na asibiti, ba. Duk wanda ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai saboda man kifi, gaɓoɓinsa zasu cigaba da cinyewa a hankali koda yana jin ɗan sauƙi.

Ciwon gwiwa na tsufa da nauyi kuwa, wanda guringuntsi ne ya zaizaye, wani abu ne daban kuma man kifi bai nuna wani abun kirki a kansa ba, an ma gwada mai yawa da ɗan kaɗan ba'a ga mai yawan ya fi ba. Mu kuma duk sanyin ƙashi muke ce musu. Don haka kafin ka kashe kuɗi, je a duba a faɗa maka wanne ne kake da shi.

Siffofin da yake zuwa da su, da yadda ake shan kowanne

Na farko shi ne man kifi yadda Allah ya halicce shi a jikin kifi, a kwalba zaka ga an sa TG. Hanji ya san shi, yana narkar da shi ba wahala, matsalarsa kawai bashi da ƙarfi sai ka sha da yawa.

Na biyu shi ne wanda aka tace aka haɗa da ethanol don a tattara EPA da DHA su yi yawa a ƙwaya ɗaya, ana rubuta EE ko ethyl ester. Yawancin masu ƙarfi da araha wannan ne, har da na asibiti irin Omacor wanda a Amurka ake kira Lovaza, kowane kafso na giram 1 yana ɗauke da wajen miligiram 840. To shi wannan sinadarin fankiriyas baya yanka shi da sauri, shi ne wanda yafi kowanne buƙatar abinci mai maiƙo. Tun a 1988 aka gwada aka ga idan an sha shi da abinci marar mai kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai ke shiga jiki, idan aka sha da abinci mai maiƙo sai ya ninka kusan sau uku. Kuɗi ɗaya, kwalba ɗaya, bambancin kawai lokacin sha. Don haka ka sha shi a tsakiyar cin abinci mafi maiƙo na ranar, shinkafa da miya, tuwo da miyar taushe da ta ji gyaɗa, wake da mai, ƙwai, ko da ƙosai ne. Koko zalla ko shayi ba madara ba abinci bane a wannan lissafin. Masu azumi su bari sai sun zauna cin abinci sosai bayan buɗa baki, ba da dabino da ruwa ba.

Na uku shi ne rTG, an tace shi kamar na biyu sannan aka sake mayar da shi siffar asali, ga ƙarfi ga saurin shiga jiki, sai dai tsada. Idan aljihu zai ɗauka ni shi nake zaɓa wa wanda zai sha giram biyu zuwa uku a rana, don ƙwaya uku ko huɗu sun fi tara sauƙin jurewa, kuma maganin da mutum zai iya ɗorewa da shi har wata uku shi ne magani.

Sai man kiril, wasu ƙananan halittu ne kamar jatan lande a tekun Antatika, kafson ja ne, man yana haɗuwa da ruwa fiye da na kifi kuma bai cika kawo gyatsa ba. Amma duba bayan kwalbar, abun da ke cikin ƙwaya ɗaya kaɗan ne ƙwarai ga tsada, kafin ka kai giram 2.7 da shi albashinka ya ƙare. Wanda jikinsa baya son jatan lande ya ƙyale shi. Akwai kuma man gansakuka, daga inda kifin ma kansa yake samo nasa, ya dace da wanda baya cin kifi sam.

Maganar kafso ta tuna min, fatar kafson da jelatin ake yi, wani daga saniya wani daga alade wani daga kifi, kuma mutane suna tambaya na sosai. Duba ko an rubuta daga ina yake ko akwai tambarin halal, in babu kuma zuciyarka bata kwanta ba to ka sayi na ruwa na cokali, dama shi yafi araha idan adadi mai yawa ake nema.

Akwai wanda aka riga aka dama shi da ruwa ya zama kamar madara, wato an yi wa madaciya rabin aikinta tun daga masana'anta. Ba sabon abu bane, Scott's Emulsion da iyayenmu suka sani mai hoton mutum ɗauke da ƙaton kifi a baya tun shekarun 1870 ake yinsa da wannan dabarar. Na zamani sun ƙara gaba, ana zuba wasu sinadarai cikin kafson ta yadda da ya taɓa ruwan ciki zai tarwatse da kansa ya zama ɗigo ƙanana da ido baya gani, ya shiga jiki koda ba'a ci maiƙo ba. Irin wannan yafi amfani ga wanda aka cire wa madaciya, ko wanda likita ya hana cin mai, ko mai ciwon fankiriyas.

To amma a kula da man hantar kifi, irin wanda ake ba yara, ba ɗaya yake da man kifi ba. Daga hanta aka tatso shi don haka cike yake da bitamin A da D. Cokalin shayi ɗaya ba laifi, amma idan kace da shi zaka cike giram 2.7 sai ka sha wajen cokalin shayi uku kullum, a nan bitamin A zai iya haura miligiram 3 da aka iyakance wa babba a rana, ya taru a hanta ya zama guba. Mai juna biyu kam kar ma ta fara, yawan bitamin A yana iya nakasa ɗan da ke ciki.

Kafson da aka yi wa rufi don kar ya narke a ciki sai ya isa hanji, wanda ake rubuta enteric coated, yana da labari mai ban sha'awa. A 1996 wasu likitoci a Bolonya ta Italiya suka ba masu ciwon kumburin hanji na Crohn irinsa, sakamako ya yi kyau sosai kowa ya ɗauka an samu mafita tunda ga magani ana kaiwa daidai wajen ciwo. Da aka maimaita da mutane da yawa a wasu manyan gwaje-gwaje biyu da aka fitar a 2008 sai aka ga babu bambanci da wanda ya sha na bogi. Yau amfaninsa na zahiri shi ne rage gyatsar ƙarni, shikenan. Haka ma bushewar ido, a 2018 an ba mutane giram 3 a rana tsawon shekara ba su fi waɗanda aka ba man zaitun ba. Ina faɗin waɗannan ne don masu tallan da ke cewa yana maganin komai daga kai har ƙafa.

Inda ya ɗan bada mamaki shi ne sikila. A Khartum ta Sudan an yi gwaji da mutum 140 aka fitar a 2013, waɗanda suka sha omega-3 tsawon shekara sun samu raguwar tashin ciwon da yawan ƙarin jini. Gwaji ɗaya ne a asibiti ɗaya, bai zama dole a tsarin magani ba, amma ya isa iyayen mai sikila su tambayi likitan yaronsu a kai, ba su sayo su fara ɗura masa ba.

Na jijiya kuwa ba harkar gida bace ko kaɗan. Akwai Omegaven, man kifi ne da aka dama shi fari kamar madara ana sa shi ta ƙarin ruwa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 don jariran da ake ciyarwa ta jijiya hantarsu ta fara lalacewa, da SMOFlipid wanda kashi 15 cikin 100 nasa man kifi ne. Na ambace su ne don kar wani ya ji labari ya fasa kafso ya zuƙa a sirinji, wallahi mai a jijiya toshe hanyar jini yake yi ya kashe mutum. Fasa kafso a shafa a gwiwa kuma ƙarni kawai zaka kwasa, baya ratsa fata ya isa gaɓa.

Kifin kansa fa?

Idan ba wani ciwo ne takamaimai kake magancewa ba, kifi ya fi kafso, don ya zo da maiƙonsa da zai tada madaciya. Amma ba kowane kifi ba. Taitus, shawa da sadin na gwangwani su ne masu omega-3, yanka ɗaya mai kyau kamar giram 85 zai baka giram 1 ko fiye. Karfasa da panla kusan babu komai, ita karfasa ko kashi ɗaya cikin biyar na taitus bata kai ba, tarwadar kiwo ma kaɗan ce. Sau biyu a sati shi ne abun da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka take cewa. A yi farfesu ko a gasa ko a jefa a miya a sha romon. Idan aka soya shi ƙayau a man gyaɗa mai yawa, nasa man ya fita cikin kasko na gyaɗa ya shiga, ita kuwa gyaɗa omega-3 ɗinta kusan sifili ne. Man riɗi da man habbatus sauda omega-6 ne yafi yawa a cikinsu, man zaitun kuma omega-9, suna da nasu amfanin amma ba wannan ba. Shi yasa kwalbar da aka rubuta 3-6-9 take ban haushi, ana sayar maka da abun da tuni ya cika tukunyarka.

Zafinmu yana kashe shi

Wannan mai baya jure zafi, haske da iska, da sauri yake juyawa. Ka tuna watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da zafi ke haura digiri 40, kwalba ta yi watanni a shago mai rufin kwano ko a tire ana yawo da ita a rana cikin tasha. Sayi a wajen da ke da sanyi, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ɗauki ƙaramar kwalba mai duhu wadda zaka shanye da wuri. Da ka je gida huda ƙwaya ɗaya ka shinshina, ɗan ƙarnin teku ba komai, amma idan yana warin ruɓaɓɓen kifi ko na tsohon fenti ko yana ƙona maƙogwaro zubar da shi. Idan ƙwayoyin sun manne da juna sun yi laushi, zafi ya riga ya taɓa su. Na ruwa da an buɗe sai firij, in wuta bata zama a unguwarku ka nema masa wuri mafi sanyi a ɗaki, gindin randa ma ya fi saman talabijin.

Kar ka fara da tara rana ɗaya, zawo da tashin zuciya zasu sa ka watsar. Fara da ɗaya ko biyu a tsakiyar abinci, bayan kwana uku-huɗu ka ƙara, ka raba rana da dare. Kar ka sha ka kwanta nan take, kar ka bi shi da lemon kwalba mai gas ko shayi mai zafi, su ke taso da gyatsar. Sanya kafson a firij ka haɗiye shi da sanyinsa shima yana taimakawa.

Hukumar kula da abinci ta Turai tace har giram 5 a rana bai nuna illa ga babba mai lafiya ba, amma akwai waɗanda dole su ga likita kafin su haura giram 1: mai shan magungunan hana daskarewar jini irin su warfarin ko clopidogrel ko asfirin kullum, wanda za'a yi wa tiyata, mai ciwon hanta, da mai matsalar bugun zuciya, domin manyan gwaje-gwajen da aka yi da giram 4 a rana sun nuna yana ɗan ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya, har a 2023 hukumar magunguna ta Turai tasa aka rubuta gargaɗin a takardar maganin. Idan ka fara jin zuciyarka tana fat-fat ba tsari, ko dasashi na jini, ko haɓo, tsaya ka je asibiti.

Ranar da ka fara, samu takarda ka rubuta minti nawa yatsunka ke ɗauka kafin su saki da safe, gaɓoɓi nawa ne suka kumbura, da ƙwayar diclofenac nawa kake sha a sati. In da hali a yi maka gwajin jini na CRP ko ESR, masu auna yawan kumburi a jiki. Bayan wata uku ka sake rubutawa ka kwatanta, ka kai wa likitanka takardar. Idan lambobin sun sauka, ku tattauna rage maganin raɗaɗin da ke cin ciki da ƙoda. Idan suna nan yadda suke alhali ka cike adadin, ka sha da abinci, man kuma bai lalace ba, to ka daina saye, kuɗin ka sa su a taitus.